"An gwada a kan ɓera, ko ɗaya bai mutu ba": shin wannan ya isa hujja?

Maman Ummi, Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin abin. Surukata tana shan wani maganin kwalba na hawan jini tun kafin azumi, murfi biyu da safe, biyu da dare. Mai sayarwa ya ce mata an kai shi jami'a an gwada a kan ɓeraye, ko ɗaya bai mutu ba, don haka ta sha abinta hankali kwance. Yanzu ta ajiye ƙwayoyin asibiti gaba ɗaya. Ni dai raina bai kwanta ba, kuma kun san ba a ja da suruka. Don Allah wannan gwajin ɓeran, gaskiya ne ko kuwa bakin kasuwa ne?

Direban Tafo: Wa alaikumus salam Maman Ummi. Maganar nan kullum sai na ji ta a mota. Mai magani zai hau daga tashar Kejetia a nan Kumasi, kafin mu kai Tafo ya sayar da rabin jakarsa. Kwalba ɗaya ita ce ta basir, ita ce ta suga, ita ce ta ƙarfin maza. Kuma yanzu kowa ya koyi cewa "an gwada a Tek", wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi.

Ɗan Tek: Anti Maman Ummi, barka da dare. Ni ɗalibi ne a sashen harhaɗa magunguna, kuma irin aikin nan ne nake yi da hannuna, bari in faɗa miki yadda abin yake.

Mai yiwuwa ne an gwada ɗin. Amma gwaji hawa-hawa ne. Na farko, wanda ya fi araha kuma ya fi sauri, shi ne a ɗura wa ɓera maganin sau ɗaya tak ta baki, da wani siririn bututu, a sa masa ido kwana 14. A ƙa'idar gwaji ta ƙungiyar ƙasashe ta OECD da yawancinmu muke bi, ana kaiwa miligiram 2000 a kan kowane kilo na nauyin dabbar, wani lokaci har 5000. Ɓeran da ya kai giram 200, in an ba shi 5000 ɗin, giram ɗaya ke nan ya sha. Idan kwana 14 suka cika ba wanda ya mutu, sai a rubuta cewa LD50, wato adadin da zai kashe rabin dabbobin, ya haura wannan. Daga nan ne maganar "ko ɗaya bai mutu ba" take fitowa.

To abin da wannan ya nuna kawai shi ne: shan sa sau ɗaya bai kashe ɓera cikin mako biyu ba. Bai ce komai ba a kan tsohuwa mai hawan jini da take sha safe da dare wata da watanni. Wannan tambaya ce daban, gwajinta ma daban.

Maman Ummi, Aboabo: Ikon Allah. To wane ne gwajin da ya dace da irin shan da take yi?

Ɗan Tek: Shi ne na kullum-kullum, kwana 28 ko kwana 90. Ana raba ɓeraye rukuni-rukuni. Rukuni ɗaya ruwa zalla ake ba su, don a samu abin kwatantawa. Sauran rukuni uku ana ba su kaɗan, matsakaici, da mai yawa. A na kwana 28 kowane rukuni maza biyar mata biyar ne, a na kwana 90 goma-goma. Kowace safiya sai ka leƙa keji: wane ne gashinsa ya tashi, wane ne ya lafe a kusurwa, wane ne yake zawo, ruwa nawa suka sha, abinci nawa suka rage. Duk mako a ɗora su a sikeli.

A ƙarshe ake sa musu maganin barci a ɗebi jini. Don hanta ana duba sinadaran ALT da AST, waɗanda suke zubowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun fashe. Don ƙoda ana duba yuriya da kiriyatinin, wato dattin da ƙoda take tacewa daga jini. Sannan a ciro hanta, ƙoda, zuciya, saifa, huhu, a auna nauyin kowanne, a jiƙa a ruwan fomalin, a yanka siriri-siriri a rina, a sa a madubin likita. Anti, a nan ne ake ganin abin da ido ba ya gani. Ɓera yana ci, yana sha, yana tsalle a keji, amma ka duba yankin ƙodarsa ka ga ƙananan bututun da suke tace fitsari sun fara lalacewa. Wannan ɓeran a takardar farko sunansa "bai mutu ba".

Baba Mai Sassaƙe, Alabar: Salamu alaikum. Yaro, na karanta bayaninka, Allah ya ƙara basira. Amma ku 'yan boko akwai abin da yake ba ni haushi da ku. Ni a hannun mahaifina na gaji sana'ar nan, shi ma a hannun nasa, tun suna zuwa fataucin goro. Da sabara da marke da maɗaci aka raine mu. Jariri a ba shi dauri, mai jego a ba ta kunun kanwa, mai shawara a jiƙa masa sassaƙe. Ba ɓera ba keji, ga mu nan da ranmu. Yau kuma sai ɓera ya ba mu izini kafin mu sha abin da Allah ya tsirar mana? Na asibitin fa ba ya kisa? Nawa ne suka sha ƙwaya ta lalata musu ciki?

Ɗan Tek: Baba, ranka ya daɗe, ban isa in raina abin da kuka gada ba. Kuma maganarka gaskiya ce, na asibiti yana kisa. Farasitamol ɗin nan da ake sayarwa a kowane shago, babba ba ya wuce giram 4 a yini, in ya zarce sosai hanta ce take tafiya. Bambancin shi ne an san iyakarsa, an rubuta a kwali. Abin da muke nema wa naku ke nan, a san iyaka.

Kuma ba Turawa kaɗai suke wannan ba. Cibiyar binciken magungunan itatuwa da ke Mampong Akuapem tun 1975 aka kafa ta, kuma wanda ya assasa ta, Dokta Oku Ampofo, likitan asibiti ne da ya zauna da masu maganin gargajiya ya koya daga gare su. A nan Kumasi, jami'armu ta fara ba da digiri a kan maganin itatuwa tun 2001. Waɗanda suka gama suna zaune yanzu a wasu asibitocin gwamnati, har da na Tafo, suna rubuta wa mutane maganin ganye.

Baba Mai Sassaƙe, Alabar: Na san Mampong. Wannan ban musa ba. Amma ka amsa mini: me ya sa iyayenmu ba su mutu ba?

Anti Nas: Baba, ina wuni. Bari ni in amsa wannan, domin a ɗakin masu ciwon ƙoda nake aiki. Wasu sun mutu, Baba, sai dai ba a san abin da ya kashe su ba. A ce kumburi ne, a ce sammu ne, a ce kwana ya ƙare. Wa ya ɗebi jininsu ya duba?

Sannan yadda kuke bayarwa da yadda ake sha yanzu ba ɗaya ba ne. Na tabbata kai in ka jiƙa wa mutum sassaƙe, cewa kake ya sha kwana uku ko bakwai ya dakata, kana ganinsa yana ganinka. Yanzu galan ake cikawa, a tafasa har ya yi kauri, a haɗa itace bakwai ko goma, a ɗura a kwalba, mai sha bai san mai haɗawa ba, kuma ya shekara yana sha.

Abin da yake sa ni kuka a aikin nan shi ne ƙoda ba ta yin ƙara. Mutum yana iya rasa kusan rabin aikin ƙodarsa kafin ma kiriyatinin ya tashi a gwajin jini yadda za a lura. Ba ciwo, ba zazzaɓi. Ranar da ƙafa ta kumbura, fuska ta yi fam da safe, fitsari ya ragu, amai ya ƙi tsayawa, to an makara. Sai injin wanki, sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu, allura biyu manya a hannu. Na ga magidanta sun sayar da fili da mota. Ba na ce duk ganye ne ya kawo su ba, hawan jini da suga su ne kan gaba. Amma idan ka zauna ka tambaye su a hankali, sau da yawa za ka ji an ajiye ƙwayar hawan jini an koma kwalba. Ka ga duka biyu ke nan a kan ƙoda ɗaya.

Maman Ummi, abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonki ba kwalbar ba ce ma, ajiye ƙwayoyin ne. Ku kai ta a auna jininta cikin makon nan, ku tafi da kwalbar a hannu.

Maman Ummi, Aboabo: Na gode Anti. Zan sa maigidan ya yi mata magana, ta fi jin tasa.

Baba Mai Sassaƙe, Alabar: 'Yata, a kan masu galan ɗin nan ba mu da saɓani. Su ne suka zubar mana da mutunci. Yaro bai san bambancin saiwa da sassaƙe ba, ya sayi lasifika ya zama mai magani. Ni akwai itatuwan da mahaifina ya hana ni ba mutum ya sha sai da awo na ɗan yatsa: sanya, tumfafiya, zaƙami. Gwaska kuwa ko kusa. Mun san dafi, ba mu jahilce shi ba.

Ɗan Tek: Baba, wannan shi ne wurin da nake so mu tsaya a kai. Dafin da kuka sani shi ne mai saurin nunawa. Mutum ya sha zaƙami ya haukace a ranar, kowa ya gani, an kiyaye. Wanda ido ba ya kamawa shi ne mai aiki a ɓoye shekara da shekaru, domin ba mai haɗa ciwon bana da jiƙon da aka sha shekara biyar baya.

Ga misali da ya faru. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin da ke da ganyen Sin. Aka yi kuskure wajen kawo kaya, aka sa wani tsiro na dangin Aristolochia a madadin wanda ake nufi. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai wanki ko dashe, daga baya kuma aka samu kansar hanyar fitsari a jikin wasu da dama. Abin takaicin, tun farkon shekarun 1980 masu bincike a Jamus sun ba ɓeraye sinadarin wannan tsiro na tsawon watanni sun ga yana haifar musu da kansa. Ɓera ya riga ya faɗa, ba a saurara ba.

Kuma Baba, dangin tsiron nan muna da shi. Duman dutse da ake sayar da saiwarsa don ciwon ciki da saran maciji, Aristolochia ne.

Baba Mai Sassaƙe, Alabar: Duman dutse? Wanda muke ba mai murɗar ciki ya tauna? Inna lillahi. Yana nan a rumfata yanzu haka.

Ɗan Tek: Shi fa, Baba. Sinadarin da ke cikin wannan dangi, hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam. Ni da za ka ji shawarar ɗanka, ka daina ba kowa ya ci ko ya sha.

Akwai kuma rai ɗore. Mu ganyensa muka sani. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an daɗe yara suna mutuwa duk shekara da wata cuta mai kama hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa, ana zaton ƙwayar cuta ce, sai a shekarun 2000 likitoci suka gano 'ya'yan rai ɗore ne yaran suke ci ɗanye. Itace ɗaya, ganye daban, 'ya'ya daban. Haka dogon yaro: tafasa ganye a yi sirace abu ne, ɗura wa jariri man 'ya'yansa wani abu ne, an samu jarirai a Malesiya da Indiya da suka kama amai da jijjiga saboda shi. Shi ya sa in an ce an gwada, sai ka tambaya: wane sashe? Da ruwa aka jiƙa ko da barasa? Abin da barasa take tsotsowa daga sassaƙe ba shi ruwa yake tsotsowa ba.

Direban Tafo: Wannan ta barasa gaskiya ce. Yawancin bitas ɗin da samari suke sha a tasha da giyar akpeteshi ake jiƙa su. Ga giya ga sassaƙe, hanta ɗaya.

Ɗan Sawaba: Ni fa ina da ja a nan. Ɓera ba mutum ba ne. In ɓera ya sha bai mutu ba kun ce ba hujja ba ne, in ya sha ya lalace kun ce hujja ne. Wanne za mu ɗauka?

Ɗan Tek: Tambaya mai kyau, Yaya. Ɓera ba mutum ba ne, kuma yakan ɓoye abu. Maganin talidomaid da aka ba mata masu laulayi a ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961, aka haifi yara sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa, ɓeraye ba sa nuna wannan nakasa cikin sauƙi, a jikin zomo aka gan ta sosai daga baya. Shi ya sa maganin da za a ba mutane da yawa ba a tsayawa a dabba iri ɗaya.

Amma lamarin ba daidai-wa-daida ba ne. In hantar ɓera ta lalace, gargaɗi ne, don hantarmu da tasa aikinsu ya yi kama ƙwarai, sai a dakata a bincika. In ba ta lalace ba, izini ne na a matsa zuwa mataki na gaba, wato gwaji a kan mutane kaɗan ƙarƙashin idon likita. Ba izinin cika galan ba ne.

Ko lissafin awo ma ba kai tsaye ake yi ba. A ce an ga miligiram 300 a kilo bai taɓa ɓera ba. Sai a raba da 6.2 saboda bambancin girman jiki, a samu kusan 48. Sannan a sake rabawa da 10 don kariya. Mutum mai kilo 60 zai fara da abin da bai kai miligiram 300 ba gaba ɗaya. To wa ya san miligiram nawa ne a murfi biyu na kwalbar surukar Maman Ummi? Tukunyar yau ma ba ɗaya take da ta jiya ba. Kuma ɓerayenmu matasa ne masu lafiya, abincinsu ɗaya, ba mai suga, ba mai hawan jini, ba mai shan wata ƙwaya a gefe.

Amaryar Yalwa: Salam. Ku yi haƙuri in shigo. Ina da ciki wata uku, zazzaɓi yana damuna, maƙwabciyata ta kawo mini wani maganin gargajiya mai suna nibima ta ce na Mampong ne, gwamnati ta san da shi. In sha?

Anti Nas: Ƙanwata, kar ki sha. Ki je awo gobe a gwada jininki, in zazzaɓin cizon sauro ne akwai wanda ake ba masu ciki.

Ɗan Tek: Ki bi maganar Anti. Nibima magani ne na gaske, yana cikin itatuwan Ghana da aka fi bincika, yana aiki a kan zazzaɓin cizon sauro, har a 2021 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, ta ba da izinin a gwada shi a kan masu korona. Amma malamai a jami'armu sun ba ɓeraye shi sun ga yana rage ɗaukar ciki kuma yana taɓa 'ya'yan da ke ciki. Sinadarinsa yana shiga ya tsoma baki a rabuwar ƙwayoyin halitta, jaririn wata uku kuwa aikin da jikinsa yake yi ke nan dare da rana. Kin ga amfanin ɓeran. Ba wanda zai gwada wannan a kan mace mai ciki.

Amaryar Yalwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ajiye shi.

Malam na Asawase: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na bi zancen tun daga sama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Wannan yana ƙarfafa Baba Mai Sassaƙe da sana'arsa. Amma akwai hadisi a Abu Dawuda cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to shi ne da lamunin abin da ya faru. Masu lasifika su ji wannan. Wanda ya ce wa tsohuwa ta ajiye maganinta, in wani abu ya same ta, yana da tambaya gobe kiyama.

Tawa tambayar ga ɗalibinmu: dabbobin nan da kuke yankawa, kuna tausaya musu? Mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwa.

Ɗan Tek: Allah ya gafarta Malam, abin yana damuna ni ma, ban taɓa sabawa da ranar ƙarshen gwaji ba. Akwai kwamitin da sai ya amince kafin ka taɓa dabba ko ɗaya. Ƙa'idar da ake bi tun 1959 uku ce: in akwai hanyar da ba ta buƙatar dabba a bi ta, in dole ne a rage yawansu, kuma a rage musu wahala. A da ana kashe ɓeraye masu yawa don gano LD50 kaɗai, yanzu uku-uku ake ɗauka ko ɗaya bayan ɗaya, da an samu amsa a tsaya. Wanda aka ga yana shan azaba ba a barinsa ya kai ƙarshe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a kashe dabbobi a yi aiki na rabin-rabin, sannan wani ya ɗauki takardar ya je yana yaudarar mutane da ita.

Malam na Asawase: Madalla. In da larura kuma da kyautatawa, malamai sun sauƙaƙa.

Direban Tafo: To mu da ba mu yi boko ba, in an miƙo mana kwalba me za mu duba?

Anti Nas: Lambar rajistar FDA, sunan mai yi da inda yake, abin da ke ciki, awo, da ranar lalacewa. In babu, mayar masa. In akwai ma, ba lasisin sha har abada ba ne. Kuma ka sani dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana tallata magani da sunan yana warkar da suga ko hawan jini ko kansa, don haka mai ihun nan a motarka ya riga ya taka doka. Wani abin kuma, wasu kwalaben ba ganyen ne matsalar ba. Akan kama na ƙarfin maza da aka niƙa ƙwayar bature a ciki, mai ciwon zuciya ya sha bai sani ba. Akwai kuma sassaƙen da aka shanya a ƙasa ya yi fumfuna, ita ma dafin hanta ce.

In kana shan wani abu ka ga idonka ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi ba madara, jiki yana ƙaiƙayi, ko ƙafa ta kumbura, ka tsaya nan take ka zo. Kuma don Allah in likita ya tambaya ku faɗi gaskiya. Ba za mu yi faɗa ba, so muke mu san abin da muke yaƙi da shi.

Baba Mai Sassaƙe, Alabar: Kukan yi faɗa, 'yata, shi ya sa suke ɓoyewa. Ku ma ku gyara. Duman dutse na sauke shi daga kan tebur, sai na ƙara bincike. Yaro, ina da haɗin shawara na gidanmu, itace huɗu ne. Ina so a yi masa na kwana 90 ɗin nan, ba na mako biyu ba. Amma in na faɗi abin da ke ciki, wa zai tsare mini sirrin? Mun ga waɗanda suka ba da nasu, daga baya suka gan shi a kwalbar wani.

Ɗan Tek: Baba, tsoronka yana kan hanya. Ba za a iya gwaji ba tare da an san itatuwan ba, domin sai masanin tsirrai ya tabbatar da kowanne, da ganyensa da furensa in akwai, ba garin kawai ba. Amma ana rubuta yarjejeniya kafin ka buɗe baki, ka sa hannu su sa, kuma ka shiga ta ƙungiyarku ta masu maganin gargajiya, kar ka je kai kaɗai. Za su so su ga yadda kake haɗawa daidai: yawan sassaƙe, yawan ruwa, tsawon tafasa, da awon da kake ba babba da yaro. Na kwana 90 yana da tsada, don abincin dabbobi da gwajin jini da na madubi duk kuɗi ne, sai dai in ku da yawa kuka haɗa hannu ko a samu malamin da zai ɗauke shi aikin ɗalibi. Zan tambayi malamina gobe in ji ta inda ake farawa.

Baba Mai Sassaƙe, Alabar: To ka tambaya. Ranar Juma'a bayan an sauko ka biyo ta rumfa, ka zo da takardar yarjejeniyar in ba ɗana ya karanta mini tukuna.